Amaryar Da Ba Ta Yi Kuka Ba

A bakin kasuwar Mai'adua Sada ya fara ganin Firdausi. Babur ɗinsa ya watsa mata taɓo, ya sauko yana ba ta haƙuri. Ba ta ɓata rai ba, ba ta yi murmushi ba.

Da ya fara zuwa zance gidansu a Daura, mahaifiyarsa Inna Adama ta yaba: "Wannan yarinya akwai kunya."

Ba kunya ba ce. Mahaifinta Malam Isyaku ya zaunar da Sada, ya gaya masa ciwon ƙwaƙwalwa ne. A da tana jin muryoyi. Magani ya kwantar da su, amma fuskarta ta daina nuna komai, doguwar magana kuma takan kuɓuce mata.

Ran nan Sada ya kawo mata turare, ta karɓa kamar an miƙo mata tsintsiya.

"Firdausina, ko dai ba kya sona?"

Ya tashi zai tafi. Yana hawa babur saƙonta ya shigo: "Masoyina, na ji daɗin turaren. Fuskata ce ba ta faɗa. Ka riƙa duba waya."

Murjanatu, 'yar ƙanwar Inna, ta daɗe tana son Sada. Ta hango Firdausi a layin karɓar magani a asibiti, ta kai wa Inna labari. Inna ta zo har tsakar gidan Malam Isyaku.

"Gunki za ku liƙa wa ɗana? Mahaukaciya! Ko mutuwa ya yi, haka za ta tsaya tana kallon gawarsa."

Firdausi na zaune, ko ƙifta ido ba ta yi ba.

"Kun gani? Ko zagi ba ta ji."

Daga baya Firdausi ta rubuta wa Sada: "Na ji duka. Ka auri Murjanatu."

Ya amsa: "Ni ke nake so, Tauraruwata. Gobe kawuna zai zo neman aurenki."

Aka ɗaura aure, Inna ba ta leƙo ba. Da yamma, da za a kai amarya, mata suka jira kukan rabuwa da gida. Ko ɗigon hawaye babu.

"Kare ma ya fi ta sanin gidansu," in ji wata, aka kwashe da dariya.

Malam Isyaku na tsaye a zaure, kansa a ƙasa, wayarsa ta yi ƙara, saƙon Firdausi ya shigo.

"Baba, kuka nake yi."

Ya share idonsa da bakin hula, ya rubuta: "Na ji, 'yata. Allah Ya yi muku albarka."