Izinin Tashi

Filin jirgin saman ya ba da gudummawa mai girma a lokacin yaƙi. Jiragen da suka ɓata hanya nan suke sauka su yi tambaya.

Da aka gama yaƙin sojoji suka kwashe duk abin da ke ɗaukuwa, suka bar titin jirgi guda, da hasumiya, da ɗakuna uku masu rufin kwano. A ɗakunan nan mai kula da filin yake zaune da matarsa da 'yarsu Auta, mai shekara goma sha shida. Aikinsa korar awaki daga kan titi, saboda jirgin da kullum ake cewa zai zo.

Wata rana yana share hasumiya ya ga tsohuwar fitilar da sojoji ke ba matuƙa jirgi izini da ita: ja a tsaya, kore a tashi. Auta na shirin jarrabawa, wutar lantarki kuwa ta fi jirgi wuyar gani. Ya kawo fitilar gida, ya cire gilasan nan biyu, ya sa mata batir.

Ran nan da magariba, ana alwala, dutse ya faɗo kan kwano. Aka ce yaran makwabta ne, duk da ba su da makwabta. Na biyu ya faɗo, na uku ya biyo shi. Awaki suka yi shiru. Auta ta ajiye littafi, ta miƙe, ta tsaya cik gaban fitilar, hannuwa a manne da cinya. Daga maƙogwaronta wani gurnani ya fara fita, ƙasa-ƙasa, irin na injin da aka kunna aka bari.

Kwana tara ba ta zauna ba. Ruwa sai an ɗura mata. Ƙafafunta suka kumbura, idanunta suka faɗa, zoben hannunta ya zame ya faɗi ƙasa. Likita ya ce gajiyar karatu ce. Uwar ta daina kuka, ta koma zama a ƙasa tana riƙe da ƙafafun nan kamar za a ƙwace su.

"Baban Auta, yarinyar nan ba za ta kai jibi ba," in ji ta. "Ka ɗauko malamin nan mai cire aljanu, ko da ba ka yarda da shi ba."

Ya ɗauko shi a bayan keke. Malamin tsoho ne, ba ya gaggawa. Ya zauna, ya yi karatu har rana ta yi ja, sannan ya tambayi wanda ke ciki ko shi wane ne.

"Ina kan layi," in ji wata murya mai kauri daga bakin Auta.

"Fita daga jikin yarinyar nan."

"Allah gafarta Malam, ni ma abin da nake so ke nan. Ba a ba ni izini ba."

A hankali labarin ya fito. Shi matafiyi ne, ya sauka a ƙarshen titin lokacin yaƙi don ya huta. Ya ga manyan abubuwa masu fukafukan ƙarfe, ba wanda ke tashi sai an haska masa kore. Ya ce wannan ce dokar wurin, shi kuwa baƙo ne. Ya shiga layi. Kowa aka haska masa, ban da shi. Da aka ɗauke fitila daga hasumiya sai ya biyo ta, ya jefa duwatsu don a san yana nan, ya shiga jikin wadda ke kunna ta.

"Farar wuta ba izini ba ce," in ji shi. "A kunna mini dukkan fitilun titi, a ba ni yarinyar ta raka ni."

"Ba yarinya," in ji malam. "Fitilun titi kuwa sun riga ka tafiya. Kore kawai."

Muryar ta ce, "To, daga hasumiya. Yau, kafin duhu. In ba haka ba, ni na iya jira. Ita ce ba ta iya ba."

Uban ya juye akwati, ya leƙa ƙarƙashin gado, ya zazzage aljihunan riguna. Jan gilashi ya fito. Koren babu. Rana ta kusa faɗuwa, shi kuwa yana durƙushe yana lalube cikin shara da hannu biyu, har uwar ta miƙe da gudu ta nufi madafa. Sati biyu ke nan da koren gilashin take rufe kwalbar gishiri.

Aka tallabi Auta zuwa ƙarshen titi, uwar a dama, malam a hagu. Uban ya hau hasumiya. Sau biyu gilashin na kuɓuce masa kafin ya zauna. Ya leƙa hagu, ya leƙa dama, kamar yadda doka ta ce, ya haska.

Gurnanin ya ƙaru. Ciyawar gefen titi ta kwanta tun daga wannan ƙarshe har wancan, sannan ta miƙe. Auta ta sulale jikin uwarta, ta ce, "Mama, ƙafata," ta nemi ruwa.

Mai kula da filin har yau yana cewa gajiyar karatu ce. Fitilar dai ya mayar da ita hasumiya, da gilasanta biyu. A shekarar nan, ba abin da ya tashi daga filin sai wannan baƙon.