Ranar da Kurciya ta Tambayi Ladidi

Kurciya ta sauka a kan katangar gidan Ladidi da hantsi, ta naɗe fikafikanta na ƙarfe. Na'ura ce ta jin ra'ayin jama'a, girmanta bai wuce tulu ba. Tana bi gida gida ta yi tambaya da muryar mutum, ta ɗauki amsa ta kai wa babbar kwamfutar majalisa.

A shekarar, garin Rafin Gora ya rabu biyu. Wasu na son a yanke fadamar gabas a yi mata gunduma ta musamman, mai hukumarta da dokokinta, don masu masana'antun batir su zo. Wasu suka ce gundumar da ba su zaɓi shugabanta ba, ba tasu ba ce. Aka tsaya kan cewa duk mai fili sai ya yarda da bakinsa. Lambun albasar Malam Tanimu, mijin Ladidi, yana tsakiyar fadamar.

Kwana tara ke nan da rasuwarsa. Ladidi na zaune a kan tabarma cikin takaba, kanta a sunkuye. Tun safe take amsa masu gaisuwa, ba ta duba fuskar kowa.

Muryar ta ce, "Salamu alaikum. Kin haƙura da lambun Malam Tanimu?"

Sunansa kaɗai ta ji. Ta ce, "Na haƙura. Yaya zan yi?"

Kurciya ta yi godiya ta tashi.

Bayan ta fita takaba, ta ɗauki garwa ta nufi lambu. Ta tarar da jan haske ya zagaye shi, alamar ya shiga gunduma. Cikin bukka hular mijinta na rataye inda ya bar ta.

Ranar taron ƙarshe zauren majalisa ya cika. Sallau, ƙanin marigayin, ya miƙe.

"Yarana uku suna da takarda, ba aiki. Albasa za su ci har su tsufa?"

Inna Kande mai ƙosai ta ce, "Ai albasar ce ta raine ka! Ji tumbi."

Aka yi dariya. Ladidi ta tashi.

"Ranka ya daɗe, ni ban ba da lambu ba."

Shugaban majalisa ya dubi Injiniya Kubura, wadda ta ƙera Kurciya. Kubura ta ce wa Ladidi, "Baba, na'urar ba ta ƙari. Ga muryarki." Ta taɓa allo.

Zauren ya ji tambayar. Sannan ya ji amsar, a hankali, da shaƙewar wadda ta gaji da kuka: "Na haƙura. Yaya zan yi?"

Duk wanda ke wurin ya taɓa ba da wannan amsa a kan tabarma. Sallau ya cire hularsa ya rufe fuska.

Kubura ta sauko ta durƙusa a gabanta. "Baba, yaushe kika faɗi wannan?"

"Kwanansa tara da rasuwa."

"Na koya mata kalmomi dubu ɗari," in ji Kubura. "Ban koya mata zaman makoki ba. Yanzu ni nake tambayarki. Kin haƙura da lambun?"

"'Yata, da shi na haƙura, don Mai shi ne ya karɓa. Lambun kuwa ku ne kuke nema. Shekara talatin da ɗaya ina riƙe masa garwa a wurin."

An yi gundumar, don masu so sun fi yawa. Amma katangarta ta lanƙwasa ta bar lambun, da siririyar hanya ta mutum ɗaya. Yaran Sallau biyu sun sami aiki a ciki. Gine-ginen sun yi tsawo har rana ba ta sauka a lambun sai da azahar, albasar ba ta ƙara girma kamar da ba. Ladidi na zuwa kullum duk da haka.

Kubura ta gyara Kurciya. Yanzu idan ta ga tabarmin makoki a ƙofar gida, sai ta sauka a katanga, ta yi sallama, ta yi shiru. Ba ta tambayar komai. Majalisa ta yi ƙorafi cewa hakan na jinkirta aiki.