Abin da Ke Tashi da Kwamfutar Baba

Ranar da Auta ta fara ganin Dogo, rungume take da akwatin kwamfutar Baba a cikin tsohon tawul, gumi na gangaro mata ta ƙasan tabarau. Shagon gyaran ɗan ƙarami ne, tsakanin tela da mai yankan makulli. Sai da ta yi sallama sau uku kafin ya ɗago kansa daga cikin wata na'ura.

Ta yi masa bayani idonta a ƙasa. Babanta tsohon malamin lissafi ne, yana rubuta littafi a kan shekarunsa na koyarwa, ita ke buga masa. Amma in ta kunna kwamfutar da safe, sai ta share falo, ta dafa shayi, ta wanke kofuna, kafin kwamfutar ta gama tashi. Baba ya tafi gidan yayarta na mako uku, shi ya sa ta samu damar fito da ita.

Dogo ya jona ta, ya kunna, suka zauna jira. Ya tambaye ta abin da take karantawa, ta faɗa masa. Ya tambayi unguwarsu, ta faɗa. Hira ta ƙare, kwamfuta ba ta tashi ba.

"Wannan ai kaka kika kawo min," ya ce. "Sai an gaishe ta, an tambayi ƙafa da baya, sannan ta amsa."

Auta ta so ta yi dariya, ta danne, sai ta koma tari.

Da kwamfutar ta tashi, ya buɗe wani jeri ya nuna mata. Manhajoji talatin da ɗaya ne, ya ce, kowace ta saka kanta a layi, da an kunna sai su taso gaba ɗaya suna turereniya a ƙofa guda. Akwai ta firintar da ta mutu tun tuni, akwai ta hasashen yanayi har biyu.

"Ka kashe su duka," ta ce. "Wallahi na gaji."

Dogo mutum ne mai saurin hannu. Ya bar manhajar tsaro da ta sauti, ya bi sauran ya hana su tashi, bai tsaya karanta sunayensu ba. Ya sake kunnawa, kafin Auta ta gyara zaman tabarau an gama. Ya karɓi lambarta, wai don bibiyar lafiyar kaka.

Washegari saƙo ya shigo: "Malama, ya kwanan kaka? Ta tashi da ƙafar dama?"

Ta rubuta amsa ta goge har sau huɗu, sannan ta tura: "Ta tashi. Ni ce yanzu ba na samun lokacin shara."

Daga nan saƙo ya zama na safe da yamma. Ita tana ce masa Sarkin Gaggawa, don yakan amsa kafin ta gama tambaya. Shi yana ce mata Malamata, ta hana shi, ya ƙi hanuwa. Ta ara masa littafi, ya karanta shafin ƙarshe kaɗai ya dawo mata da shi, ta yi kwana biyu ba ta kula shi ba. A mako na uku ya ce yana so ya zo ya gaida Baba. Ta ce ya bari ta fara shimfiɗa magana.

Baba ya dawo ranar Talata. Da safe ya zauna a gaban kwamfuta kamar yadda ya saba, ya kunna, Auta na tsaye a bayansa tana jiran yabo. Allo ya buɗe fes. Baba ya yi ta kallon kusurwar dama ta ƙasa, minti biyar, minti goma.

"Ina takardar uwarki?"

Sai a lokacin Auta ta tuna. Shekarar da aka gano Baba na da hawan jini, Mama ta sa an saka wata 'yar manhaja mai fito da takarda rawaya a kusurwar allo, ta zauna da kanta ta buga rubutun da yatsa ɗaya: "Malam, ka sha magani. Kar ka ce min ka manta." Bayan shekara biyu ta rasu. Takardar ce ke fitowa a ƙarshen duk wannan jiran, Baba ya karanta, ya rufe ta, ya kira Auta. Ita kuwa kullum tana kicin a lokacin, har ta manta da ita.

Baba ya tambayi wanda ya taɓa masa kwamfuta. Ta ce wani mai gyara ne. Ba ta ce ita ta ce a kashe duka ba. Ta kuma yi wautar ƙarawa da cewa yana ma so ya zo gaisuwa.

Baba ya ce mutumin da zai shiga kayan wani ya share abin da bai tambayi ko mene ne ba, kar ya kuskura ya tako masa ƙofar gida. Ya ce shekara talatin yana faɗa wa yara su karanta tambaya kafin su amsa.

Ta shiga ɗaki ta tura wa Dogo saƙo: "Ka goge rubutun mahaifiyata. Gaggawarka ta ja min. Kar ka sake nemana." Ta kife wayar, ta jefa ta cikin durowa.

Kwana huɗu gidan ba daɗi. Baba yana shan magani ne in ta tsaya a kansa, littafi kuwa ya tsaya cak. A nan ne Manaja ya samu ƙofa. Ɗan aminin Baba ne, yana da shagon sayar da sabbin kwamfutoci, ya daɗe yana zuwa gaisuwar da ta wuce ta Baba. Ya zauna a falo yana kaɗa makullin mota, ya ce masu gyaran ƙarƙashin bene duk haka suke. Tun da abin ya riga ya tafi, gara a kwashe littafin, a wanke kwamfutar tas, a zuba mata komai sabo. Baba ya ce ya zo ya ɗauka ranar Asabar.

Ranar Asabar da hantsi, Manaja na falo yana naɗe wayoyi, Auta ta buɗe durowa neman filas, 'yar ma'ajiyar da za a kwashe littafin a ciki. Wayarta na nan, saƙo goma sha ɗaya. Ta buɗe na farko don ta ƙara jin haushi.

"Malamata, ban goge komai ba. Hana su tashi kawai na yi, suna nan inda suke. Laifina ne da ban karanta ba, ban tambaya ba. Don Allah kar ki bari kowa ya wanke ta, in aka wanke ne za ta tafi da gaske."

Sauran goman duk bayanin yadda za ta mayar ne, ɗaya bayan ɗaya, har da inda za ta danna.

Ta fito da gudu, ta tarar Manaja ya ɗauki akwatin ya kai bakin ƙofa. Auta da ko gaisuwa sai an matso ake jinta, ta ce masa ya ajiye. Ya ce ƙanwata, ki bar wa masana. Ta ce ya ajiye. Ta jona wayoyin da kanta, ta buɗe jerin, waya a hannun hagu. Ba ta san sunan manhajar ba, saboda haka ta mayar da duka ashirin da taran, ta sake kunnawa.

Minti ashirin suka yi su uku a tsaye. Manaja ya duba agogo sau shida. Sai takardar ta fito a kusurwa, rawaya, yadda take.

Baba ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Auta ta durƙusa a gefen kujerarsa.

"Baba, ni na ce masa ya kashe duka. Tsoro ne ya hana ni faɗa."

Baba ya ce to ashe marasa karanta tambaya biyu ne. Ya ce ta kira wancan.

Dogo ya zo da rigar da tela maƙwabcinsa ya goge masa. Baba bai ba shi kujerar falo ba, ya zaunar da shi gaban kwamfuta, ya ce su bi jerin daga farko. Kowace manhaja sai Dogo ya faɗi aikinta, ya faɗi abin da zai faru in an hana ta tashi, sannan ya jira. Baba ya yi tunani, ya sha shayi, ya sake tambaya. Awa uku. Auta na leƙe ta labule tana ganin ƙafar Dogo na rawa a ƙarƙashin tebur, amma hannunsa bai taɓa komai ba sai an ce taɓa. Suka bar huɗu.

Da zai tafi, Baba ya ce masa ya turo manyansa.

Dogo ya tura mata saƙo tun daga bakin ƙofa: "Na ci jarrabawa?"

"Da kyar. Kuma saura tawa, sai ka karanta littafin nan daga farko."

Bayan wata biyar aka ɗaura aure. Manaja ya turo uzuri. Baba bai yi doguwar nasiha ba, ya dafa kanta kawai ya juya da sauri.

Kwananta biyu a gidanta, da safe suna karyawa, wayarta ta yi ƙara. Baba ne, wanda bai taɓa tura wa kowa saƙo ba a rayuwarsa.

"Auta, na yafe miki duniya da lahira. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Ki ce wa mijinki sabuwar firinta ta ƙi bugawa, ya zo yau."

Ta miƙa wa Dogo wayar tana share ido. Ya karanta har ƙarshe, ya ce amin, ya tashi neman takalmi.