Lasifikar Coci

"Kada ka matso!" Kindness ta faɗa ta cikin takunkumi, idanunta jawur. "Koma kan layinka."

Nahum ya koma kan jan zanen da aka manna a ƙofar wani kanti a unguwar Danau Kota. Tun da korona ta kulle Kuala Lumpur, layin sayen shinkafa ne kaɗai wurin zancensu.

"Masoyiyata, Yaya Elizabeth ce... Ta rantse ba zan bar aikin injiniya in bi ki ƙauye ba."

"Kai kuma me ka ce?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon jan zanen. Namiji kan iya gina gada, amma gaban yayarsa ya kasa haɗa kalma biyu.

"Har ta nemo maka Christy ta unguwar Cheras, ko?"

"Abinci kawai yarinyar ta aiko..."

"Abinci! Kifi ma haka ya ce kafin ƙugiya ta kama shi."

Ta juya ba tare da shinkafar ba.

Makarantar Lutheran ta ƙauyensu, can bayan Numan, ba ta gwamnati ba ce. Iyaye ke riƙe da malamai da dawa da addu'a. Nan Kindness ta koyi baƙi, kuma ta yi alkawarin komawa koyarwa da ta gama digirinta. Da annoba ta rufe azuzuwa, sai ta riƙa kiran shugaban makarantar, Malam Haggai, kullum. Shi kuma ya haɗa wayarsa da lasifikar coci, yara su zauna ƙofar gidajensu suna amsa karatu.

Washegari ta kira, layi a cike. Da ta samu shiga, guɗa ta ji kamar ranar bikin girbi.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau, 'yata," in ji Malam Haggai, yana shaƙewa da dariya. "Na ga lambar Malesiya, na ɗauka ke ce, na haɗa. Ashe wata Elizabeth ce. Ta ce mu nemi wata malama, mu daina lalata wa ƙanenta aure. Ta ce ƙauyenmu ko akuya mai hankali ba ta zama."

"Wayyo Allah! Duk an ji?"

"Har masu noma a fadama. Mata dai kalmar aure suka riƙe. Fasto ya ce a kawo mana angon yanzu, mu ji daga bakinsa."

Ta haɗa Nahum a layin. In ya sake yin shiru, ta san ta rasa shi, gaban ƙauye guda.

"Ɗana," in ji Fasto, "ba ma sayar da malamarmu, ba ma kuma ɗaure ta. Me kake so?"

Daga bayan Nahum aka ji muryar Elizabeth: "Kashe wayar nan!"

Aka ji Nahum ya rufe mata ƙofa da ƙarfi.

"Baba..." in ji shi. "Kuna da malamin lissafi?"

"Wanda muke da shi ya fi allon tsufa," in ji Fasto.

"To ga ni. Kindness, zuciyata, ki yafe min jiya. Inda za ki tsaya da alli, nan zan tsaya. Za ki aure ni?"

Kindness ta fashe da kuka. Wata tsohuwa ta ƙwala daga nesa, "Amsa mana, tuwona na kan wuta!"

"Na yarda!"

Aka kaɗa ƙararrawar coci, alhali ba Lahadi ba.

Da jirage suka dawo tashi, aka ɗaura auren a filin makarantar, yara sanye da kayan makaranta suna jifansu da furen dawa. Christy ta aiko da gajeren saƙon taya murna, ta auri wani likita. Elizabeth ta zo da ɗankwali mafi tsayi a wurin, ta ci naman akuya har sau biyu.

Har yau tana gaya wa mutane ita ta haɗa auren. Ba wanda ya taɓa ƙaryata ta.