Jakin Gidan Malama Surayya

Jaki ne aka sace. A komisariyar 'yan sanda ma murmushi aka fara yi da aka ji ƙarar. Sai da Sufeto Tanimun ya ga matar da ta kawo ta tana share ido da bakin mayafi, sannan ya miƙa hannu ya ɗauki makullin mota.

Sunanta Malama Surayya. Ita ke riƙe da gidan yara nakasassu da wata ƙungiya ta gina a bayan Tungar Na'Allah, ɗan nesa da babban titin Tsarnawa. Yara goma sha huɗu ne, guragu da makafi da kurame biyu, an tattaro su daga wajen Malbaza da Dogarawa da Illela. Daga gidan zuwa lakwal, wato makarantar garin, kilomita uku ne cikin yashi, kuma jakin nan ne ke jan amalankensu kowace safiya.

"Jibi masu ƙidaya za su zo daga buron ilimi," in ji ta a mota. "Duk yaron da ba su iske bisa benci ba, sun soke sunanshi sai baɗi. Ranka shi daɗe, ban iya goya yara goma sha huɗu."

"Ba ki nemi aro ba?"

"Na zagaye gari. Kowa jakinshi ba shi da lafiya."

Sufeto ya ci gaba da tuƙi. Ya daɗe a aikin nan, ya san in jakunan gari suka kwanta ciwo rana ɗaya, to masu su ne ke da magana a ciki.

A gidan, amalanke na nan a jingine. Sufeto ya tsuguna a gindin turke, ya shafa shi sama da ƙasa. Babu guntun igiya, babu alamar wuƙa.

"Kwancewa aka yi," ya ce. "Wace irin igiya ce?"

"Ta zaren buhu. Hassana ta tufka ta."

Ta nuna wata makauniya 'yar shekara goma sha biyu, zaune a inuwa da littafinta na ɗigo-ɗigo a cinya. Sauran yaran duk sun yi wanka sun sa kayan lakwal, suna zaune a ƙofa kamar masu jiran mota.

Daga nan ya wuce lakwal. Aji uku ne, ɗaya na siminti, biyu na zana. Tun daga nesa ya ji ƙarar daka. Mata biyu na surfen hatsi a bayan mangaza, ɗakin da ake ajiye abincin yara.

Darakta Abdulƙadir, shugaban lakwal ɗin, ya ba shi kujera mai ƙafa uku da rabi.

"An ce mutanen gari ba sa son yaran Malama."

"Ba ƙiyayya ba ce, Sufeto, yunwa ce. Abincin da ake dafa wa yara da kuɗin alli, bisa kan ɗiyan da iyayensu ke zaune nan ake ba mu. Ɗiyan Malama an ce baƙi ne, a nemi kasonsu can inda sunka fito. Can kuma sunka ce ai ba su wurinsu. Takarda shida na rubuta. To ga su cikin aji, in an sauke tukunya sai in ce kar su ci?"

"Sai aka yi yaya?"

"Abincin wata uku ya ƙare cikin biyu da rabi. Ranar da babu hayaƙi a nan, iyaye na janye ɗiyansu zuwa kiwo. In sunka ragu, sai a ɗauke mini malami guda."

"Shinkafa ake aiko muku ko gero?"

"Shinkafa."

"To wannan da ake daka fa?"

Darakta ya gyara tabarau. "Sadaka ce. Wani alhaji daga Ƙonni."

"Sunansa?"

"Bai so a faɗi ba."

"Wa ke riƙe da makullin mangaza?"

"Malam Sabi'u, shugaban iyayen yara. Jiya bai ma gari, ya tai gaisuwar rasuwa."

Sufeto ya leƙa mangaza. Buhu biyu ne na gero, sababbin ɗinki. Ya taɓa ganin alhazai masu ɓoye sadaka, amma bai taɓa ganin wanda ya ɓoye ta washegarin ɓatan jaki ba.

Jiya kasuwa ɗaya ce ta ci a yankin, ta wani ƙauye a bakin iyaka. A can ya iske Zaidu dillali yana shan shayi a rumfa.

"Jaki fari-fari, mai tsagar kunnen dama."

"Ban gan shi ba."

"To tashi mu je komisariya ka tuna."

Zaidu ya ajiye kofi. "Na tuna. Masu sayen fata sunka ɗauka, tun jiya da la'asar ya ƙetare. Yanzu dai sai dai a yi maganar wani jakin."

"Wa ya kawo shi?"

"Wani dattijo, ya rufe fuska da rawani. Amma wallahi ba ɓarawo ba ne, shi ya sa ban yi shakka ba."

"Da me ka gane?"

"Ɓarawo in ya amshi kuɗi ƙafa yake ba iska. Wannan sai da ya tsaya mai saye ya kawo tashi igiya, ya kwance wadda ya zo da ita, ya naɗe ya sa aljihu. Ka san mutanenmu, ba a saida dabba da igiyarta, kar arzikin kiwo ya bi ta. Daga nan ya nufi wurin 'yan hatsi."

Da la'asar Sufeto ya yi sallama a ƙofar Malam Sabi'u, tare da Darakta da Malama, Hassana na riƙe da gefen zanenta. Dattijon ya fito, dogo, ramamme, makullin mangaza rataye a wuyansa.

"Baba, ina ka je jiya?"

"Gaisuwar rasuwa, Dogarawa."

"Wa ya rasu?"

"Wani... abokin ƙanena."

"Allah ya jiƙansa. Mu ga awakinka."

Akuya biyu ce a turke. Ɗaya da tsohuwar igiyar kaba, ɗaya da sabuwa ta zaren buhu, mai kauri, wadda ta fi ƙarfin akuya.

"Irinta cike take da kasuwa," in ji Sabi'u.

Sufeto ya kama hannun Hassana ya ɗora a kai. Ta bi ta da yatsu a hankali, tun daga wuyan akuya har turke.

"Tawa ce," ta ce. "Ni bahaguwa ce, murɗina baya yake komawa. Ga inda zare ya ƙare mini na haɗa." Ta ɗaga kai wajen da ta ji muryarsa. "Baba Sabi'u, kai ne? Kai da ke ƙara mini cokali guda in ana rabo?"

Dattijon ya dafa bango, ya zauna a ƙasa.

"Ni ne, ɗiyata."

Ya ci gaba, idonsa a ƙasa. "Ni ka auna abinci, Sufeto. Ni ka ganin gindin buhu. Shekara tara muna roƙo kafin a ba mu lakwal ga. Mun ɗebo kara da kanmu munka yi zana. Bara ɗiya tamanin, bana sittin da biyu. Na ce in jaki ya ɓace sai a soke su, su koma inda ake amsar kasonsu, namu su samu su ci. Ko dala ban sa aljihu ba, ga shi can cikin mangaza."

"Ai ba wanda ke amsar kasonsu ko'ina," in ji Malama. Muryarta ba ta tashi ba. "In an soke su, ƙungiya rufe gidan za ta yi. Ka san inda na ɗauko Hassana? A ɗakin awaki, an kulle ta don kar baƙi su gani."



Sufeto ya juya ga Darakta. "Kai kuma ka sani."

"Na ga gero, ban tambaya ba."

"Gobe ka zo buro ka maimaita haka a rubuce. Geron kuma kayan shaida ne, a ƙa'ida sai in tafi da shi." Ya waiwayi motarsa. "Mota ta cika. A ci gaba da dafawa."

Sufeto bai fito da ankwa ba. Sabi'u ya miƙe da kansa, ya cire makullin daga wuya ya miƙa wa Darakta.

"Tiya huɗu a rana. In ka wuce haka, ba shi kai ƙarshen wata."

Malama ta biyo su har bakin mota.

"Ranka shi daɗe, jibi fa?"

"Jibi zan zo da motar nan da kaina. Sawu biyu ya ishe su. Masu ƙidaya za su iske su bisa benci."

"Na gode. To gata fa?"

Sufeto ya dubi yashin da ya miƙe daga bakin gari zuwa gidan yaran, ya dubi mutanen da suka taru a ƙofar gidaje, kowa da jakinsa a ɗaure a baya. Babu wanda ya yarda suka haɗa ido.

Ya buɗe wa dattijon ƙofar baya, ya jira ya tattara rigarsa, ya rufe. Malama na nan tsaye da tambayarta har motar ta hau titi.