Shayin Zayyad

"A haka kike so in nuna ki ga abokaina, Mahbuba?"

Zayyad ne ya faɗi haka a zauren gidanmu a Gumel, wata shida kafin bikinmu, yana ƙare min kallo kamar mai taya akuya a kasuwar Maigatari. Shi da tumbinsa ke riga shi shiga ɗaki! Amma so ya rufe min ido, na sunkuyar da kai na ce zan gyara.

Na daina cin tuwo, na daina shan fura. Wani shayi ya kawo min, wai yana narkar da kitse. Safe shi, yamma shi, sai ɗan yankan kokwamba. Inna ta yi faɗa har ta gaji. Ta ce duk zuriyarmu haka Allah ya gina mu, kakata ta Ɗanzomo da jikinta ta haura tamanin tana surfe. Ban ji ba.

Cikin wata biyar na zube, har ƙashin wuyana ya fito. Nan take na zama "rabin raina", yana ɗaukar hotona yana tura wa abokai. Saura sati uku ɗaurin aure na yanke jiki na faɗi a bakin murhu.

Likita ta ce gyambon ciki ne, ga ƙarancin jini. Ta gargaɗe ni cewa jikin da aka hora da yunwa yakan rama, ƙibar na iya dawowa har ta fi ta da. Haka kuwa aka yi. Aka ɗage biki, cikin wata huɗu na wuce ƙibar da na faro da ita, ga magani kullum.

Sau ɗaya ya zo duba ni, da leda a hannu. Na ɗauka lemo ne. Shayin nan ne, kwali biyu.

"Ki daure, rabin raina... kin taɓa yi, za ki iya kuma."

Na dube shi daga hula har takalmi. Ashe wannan ne na kusa mutuwa dominsa? Ko haushi ban ji ba, bai kai ba.

"Baba yana ciki," na ce. "Shiga ka gaya masa ranar da za ku aiko a kwashe akwatunanku."

Na bar shi nan tsaye. Na wuce ɗakin Inna, na kifa kai a cinyarta, na yi kukan abin da na yi wa kaina.

Shekara biyu ke nan. Har yau ba na cin yaji, azumi kuwa da ƙyar nake kai shi. An ce ya sami wata a Gagarawa. Allah ya sa ta fi ni wayo.