Fanka Ba Batir

A tsakiyar hawan dutse babbar motar ta sake tafasa, ga duhu ya rufa. Direban ya kashe inji, ya buɗe bonet, ya cire kan batir. Tumatirin da ya yi lodi ya fara tsami, waya ba caji, jarkar ruwa ko ɗigo. Tun da ya cire fanka mai bel ya sa ta lantarki don rage shan mai, bai sake ganin daidai ba.

"Sannu, ɗana. Ta ƙi juyawa ko?"

Wani dattijo ne a gefensa, yana warin tsohon baƙin mai. Ga tsakuwa ko'ina, amma bai ji takunsa ba.

"Wallahi Baba, da na sani na bar mai bel. Ita in inji na aiki, tana aiki."

"In ya tsaya kuma ta tsaya," in ji dattijon. "Wannan kuwa ba ta sallama, lokacin da ta ga dama take tashi. Haska min."

Dattijon ya zura hannu bayan lagireto, inda fankar take. Nan take fanka ta ɗauka, da wata iska mai sanyin ƙasan rijiya. Rigar direban ta hau kaɗawa, ta dattijon ko motsi. Fukafukan fankar suna ratsa wuyan hannunsa, shi ko gezau.

Direban ya karkata tocila. Wayar batir tana nan tana lilo inda ya cire ta.

"Zauna, ɗana," in ji dattijon. "Ni ma a nan tawa ta tafasa. Har yau ina jira ta huce."